Gwangwanin da Aka Tono a Bakin Kwata

Litinin, ƙarfe goma na safe

Jiya aka sallamo Yaya daga asibiti. Na kulle shagon ɗinkina na dawo gidan Mama da jaka ɗaya, masu kaya kuma na ce su yi haƙuri ko su kai wa wani telan. An sa shi a tsohon ɗakinmu na yara, wanda tagarsa ke kallon tsakar gida. Yana kwance, ya juya wa ƙofa baya. Hannunsa na hagu naɗe yake da bandeji, Mama kuma in ta shiga sai ta ja hannun rigar ta rufe.

Likita ya ce ƙwaya safe da yamma, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a mayar da shi ƙarshen wata a duba. Ya faɗi sunan ciwon da bakinsa a gabanmu. Muna fitowa Mama ta riƙe ni ta ce, "Zazzaɓi ne. Duk wanda ya tambaye ki, zazzaɓi ne."

To, zazzaɓi ne. Shi ya sa wuƙaƙen kicin suke kulle a akwatinta, sai na roƙi makulli kafin in yanka albasa.

Tsakar gidan wari take yi. Kwata ta toshe tun ban san yaushe ba, ruwan wanke-wanke ya taru a bakin katanga ya yi kore, ƙudaje sun samu wurin zama. Kowa tsallakewa yake ya wuce.

Talata, bayan azahar

'Yan dubiya sun fara. Gwaggo, ƙanwar marigayi Baba, ta iso da jakarta da buta da matashin kanta, wato ba ranar tafiya. Ita ce mai tarbar baƙi yanzu, ita ce mai ba da labari ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa kafin su shiga.

Ba dubiya suke zuwa ba, kallo suke zuwa. Baki yana cewa "sannu, Allah ya ƙara sauƙi," ido yana neman hannun hagu. Wata maƙwabciya har ɗaga bargon ta yi, wai za ta gyara masa. Na tsaya a kanta har ta sake shi. Sun fito sun shanye shayin da na dafa masa, sun bar min kofuna da shatin jan-baki.

Wata ta tambaya, "Ina matar tasa?"

Mama ta ce, "Ta je ganin gida."

Ganin gida, har da labule da tukwane.

Laraba, da safe

Ya sha ƙwayar. Bai ci ba. Bai yi magana ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ina zaune a ƙasa ina tsaronsa, sai na ɗaga gefen ledar tsakar ɗakin don in kashe wani kyankyaso. Filin ƙwallonmu yana nan. Layukan da Yaya ya zana da ƙusa a jikin siminti, da'irar tsakiya da ya zagaye da gindin kofi, duk suna nan. Kyankyason ya tsere, ni kuma na zauna ina kallo.

Babu wanda ya kai Yaya haɗa 'yan wasan marfin kwalba a layinmu kaf. Sauran yara tsintar marfi suke yi su hau ɗallawa haka nan, marfin ya yi ta tsalle yana kifewa. Shi kuwa sai ya goga gindin marfin a siminti har ya yi sumul, ya kunna guntun kyandir ya ɗiga kakin a ciki. Masu tsaron baya yana cika su taf, har ya sa musu ɗan tsakuwa don kar a ture su. Masu cin ƙwallo rabi yake zuba musu, don su yi gudu. Kafin kakin ya daskare sai ya yanko lamba daga tsohuwar kalanda ya danna a kai. Ƙwallo maɓallin riga ne, raga kwalin ashana. Shekara guda Baba yana zargin mai wanki da cinye masa maɓallai.

Ni aikina riƙe kyandir da tsaron gida. Yana ɗiga min a yatsa in yi ihu, ya ce, "Yi shiru mana, ƙwararru ba sa kuka." Shi ne ɗan wasa, shi ne alƙali, shi ne mai sharhi a rediyo, da hanci yake yi. In na ci shi, sai ya ce an yi satar gida. Ban taɓa cin sa ba a ce ba a yi satar gida ba.

Akwai motar waya da ya yi min mai tayar silifa, da sitiyari dogo har ƙirjina. Akwai tsohuwar tayar keke da muke garawa har bakin titi. Amma marafan nan su ne ransa.

Na ce, "Yaya, ka ga filinmu."

Ko motsi. Na mayar da ledar na rufe, na je na wanke hannuna.

Juma'a, bayan la'asar

Baffa ya zo, yayan Baba. Ya zauna a kujerar Baba, ya cire takalmi da safa ya miƙe ƙafa, ya yi gyaran murya irin ta wanda ya riga ya yanke magana tun daga gida. Ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ya ce mutum mai aiki da mota da iyali ba ya wayar gari haka kawai, sa hannu ne. Akwai wani mutum a bayan gari da ke ajiye irin waɗannan a wurinsa har su dawo daidai, kuma sharaɗinsa na farko a daina ƙwayar asibiti.

Na san wurin. Na taɓa raka wata mai kawo min ɗinki ta duba ɗanta. Maza ne zube a wata rumfa, kowa da sarƙa a ƙafa, bokiti ɗaya a tsakiya, shi ne bayan gida. Ɗan nata ƙafar ta ruɓe inda ƙarfen ya ci. Kwana biyu ban iya sa komai a bakina ba.

Na ce, "Baffa, likita ya ce in aka tsayar da maganin..."

Ya ce, "Ke da wa ake magana? Tela ce ke ko likita?"

Gwaggo ta ce, "Yaran yanzu kenan. Ta fi mu son sa."

Na kalli Mama. Tana ta linke gefen mayafinta tana warwarewa. Ta ce wa Baffa, "A bari dai mu ga kwana biyu." Iyakarta kenan.

Tir da kujerar, tir da safar da ya bari a ƙarƙashinta.

Asabar, da hantsi

Yaya ya ci cokali uku na shinkafa. Na yi murna kamar wata sakarya.

Lahadi, da yamma

Wari. Har a cikin shayi ina jin sa. Na kira mai gyaran famfo da kaina, tunda mazan gidan sun fi ƙwarewa a kan abin da ba a gani.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Bari in rubuta yadda aka yi.

Mai gyaran famfo ya fasa simintin bakin kwata yana bin bututu, sai digarsa ta daki wani abu. Ya ciro gwangwanin madara babba, ya yi tsatsa, an naɗe shi da leda an ɗaure da waya. Ina ganin ɗaurin wayar nan na gane shi, don mutum ɗaya na sani mai murɗa waya haka.

Kafin in tsallake ruwan Gwaggo ta riga ni. Ta sa shi ya ɓalle marfin, ya zazzage a ƙasa. Marafan kwalba cike da kaki, kowanne da lambarsa. Maɓallai. Da 'yar tsanata.

Da tsohuwar safar Baba na yi ta. Gashin kanta daga matajin Mama na tsinto, na ɗinka mata da baƙin zare. Ita ce na fara koyon ɗinki a kanta, kuma da yake kullum ina ɓatar da allura ana dukana, sai na riƙa soke su a cikinta in na gama. Suna nan a cikin nata, sun yi tsatsa. A cikin marfin gwangwanin kuma ga sunan Yaya, ya zana da ƙusa, don kar in ce nawa ne.

Gwaggo ta kurma ihu ta ja da baya har ta taka ruwan kwatar. "Gashin mutum! Allurai! Ga sunansa! Wayyo, sun kashe mana yaro!" Mai gyaran famfo ya yar da digarsa ya hau goge hannu a wando.

Na ce, "Gwaggo, kayan wasanmu ne. Mu muka binne."

Ko saurarena ba ta yi ba, tana ta kiran Baffa a waya.

Litinin, bayan azahar

Shekarar da Yaya ya faɗi jarrabawa muka binne su. Baba ya ce marafan nan su suka cinye masa kai, kuma in ya dawo daga aiki ya tarar da ko ɗaya, masai zai zuba su. Sai Yaya ya ce mu ɓoye su har Baba ya huce. Ni babu wanda ya yi wa 'yar tsanata barazana, na dai ce ba za a binne nasa a bar tawa ba. Muka haƙa rami da cokalin miya a gindin katanga. Ya yi musu jawabi da muryar rediyo, wai ƙungiya ta tafi hutun rabin lokaci.

Kafin Baba ya huce aka kai Yaya makarantar kwana, aka kuma yi wa tsakar gida siminti. Na yi kuka kamar raina zai fita, na ƙi faɗin dalili.

Yanzu Gwaggo ta kifa roba a kansu ta ɗora dutse, ta hana kowa zuwa wurin. Kwatar kuma mai gyara ya gudu ya bar ta a buɗe.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Baffa ya kawo mutumin bayan garin. Ni Mai Jaka nake ce masa, don wata baƙar jaka ce a hammatarsa ba ya ajiye ta. Turarensa ya haɗu da warin kwata. Farcen ɗan yatsansa dogo ne, baƙi ƙirin a ciki, da shi yake juya 'yan wasan Yaya.

Ya shinshina kakin ya ce kitsen mushe ne. Ya tambayi Gwaggo ran nawa ga wata abin ya faru. Ta ce bakwai. Ya yi ta tona har ya ciro mai lamba bakwai, ya ɗaga sama. Gwaggo ta dafe ƙirji, Baffa ya hau girgiza kai.

Dariya ta kuɓuce min. Na ce, "Da ran uku ne, ai ga uku nan. Wannan ɗan wasan gefe ne, ba ya ma cin ƙwallo. Kyandir ne, kalanda ce, safar Baba ce. Ni na ɗinka ta da hannuna."

Mai Jaka ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce a hankali, "Ke kika ɗinka?"

"Ni."

"Ke kika soka alluran?"

Sai a lokacin na gane inda aka nufa. Gwaggo ta kama haɓa ta ce, "Oh ni! Dama na ce wannan rawar jikin a kansa ta yi yawa."

Baffa ya daka mata tsawa, ya ce ni yarinya ce, ruɗewa na yi, ana rufe wa mutum ido ya ga abu kamar ya san shi. Mai Jaka ya ce haka ne, irin wannan aikin har 'yan gida yake juya wa tunani. Wato ko ni ce na yi, ko kuma ni ma an taɓa ni. Zaɓin da aka ba ni kenan.

Na juya wurin Mama. Rigar 'yar tsanar daga zanenta na yanka, shuɗi mai zanen ganye, ta kusa karya ni a kansa. Ta tsuguna tana kallon ƙyallen nan. Na ga ta gane. Wallahi na ga ta gane. Ta miƙe ta shige ɗaki.

Laraba, da safe

Na same ta a kicin. Na ce, "Mama, zanenki ne."

Ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita.

"Mama, kalma ɗaya za ki faɗa."

Ta ce, "In na ce wasa ne, sai in ce me ya same shi?"

Na ce, "Abin da likita ya ce."

Ta ce, "Ke ba ki haifa ba. Ba ki san yadda ake ji a ce ɗanka da kansa ya..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ce in miƙo mata soso.

Na so in ji tausayinta, kuma na ji. Amma haushin ya fi yawa. Ta gwammace a ce duniya ce ta tsane shi, a sa masa sarƙa, da a ce ciwo ne irin na kowa.

Laraba, da yamma

Gwaggo ta daina cin abin da na dafa. Ta samu sauƙi, ni ma na samu.

Alhamis, bayan azahar

Na gaya wa Yaya komai. Na zauna a bakin gadon na ce an tono ƙungiyarsa, hutun rabin lokaci ya ƙare, kuma wani ƙazami yana cewa mai tsaron bayansa kitsen mushe ne. Na yi ta zuba kamar rediyo. Na ce, "Yaya, in ba ka buɗe baki ba, ɗauke ka za su yi."

Idonsa a buɗe yake, yana kallon bango. Ɗakin warin jikin da ba a wanke ba yake yi, ga farantin jiya da ƙudaje. Na ji ƙyamarsa, shi kansa, na ɗan lokaci, yadda ya kwanta ya bar ni da su. Daga baya na ji ƙyamar kaina. Na ba shi ƙwayar ya haɗiye, na canza zanen gado.

Juma'a, da hantsi

Baffa ya yanke. Ranar Lahadi Mai Jaka zai zo ya warware abin a gaban Yaya, daga nan a sa shi a mota. Gwaggo ta nemi kwalin maganin, wai za ta ajiye. Na ce ya ƙare. Yana cikin rigata, da shi nake kwana.

Na kira asibiti, aka ce likitan sai Litinin. Matar da ta ɗauka ta ce in dai iyalinsa sun yanke shawara, su ba su da ta cewa.

Asabar

Na wanke hannuna har ya fara tsagewa.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Mota ta zo tun da safe, da wasu ƙarti biyu a ciki. Ɗaya ya sauko da buhu, ya ajiye a bakin ƙofa, na ji ƙarar ƙarfe a ciki.

Aka fito da Yaya aka zaunar da shi a kujerar roba a tsakar gida. Rabonsa da rana tun asibiti, sai runtse ido yake. Mai Jaka ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera marafan a kai, ya sa 'yar tsanar a tsakiya. Ya zare alluran ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya zare sai Gwaggo ta yi ajiyar zuciya. Sannan ya ciro wata 'yar wuƙa daga jakar, ya ɗauki marfi ya hau ƙwaƙule kakin. Kakin shekara da shekaru ya ƙi fita. Ya danna, bakin marfin ya lanƙwashe. Ya yar, ya ɗauki wani, shi ma ya lanƙwasa shi.

Ya kai hannu kan na uku, sai muka ji murya a dishe.

"Ba haka ake cirewa ba."

Kowa ya daskare. Yaya ne. Idonsa na kan hannun mutumin.

"Kana ɓata bakin. Ruwan zafi ake sa shi, kakin ya taso da kansa."

Mama ta zube a ƙasa tana kuka. Gwaggo ta ɗaga hannu sama tana godiya, Baffa yana ta "Kun gani? Kun gani?" Ni na ɗauka shi kenan, gaskiya ta fito, mai kayan ya yi magana. Na buɗe baki zan ce to kun ji, sai Mai Jaka ya riga ni.

Ya ce, "Alluran ne suka riƙe harshen. Ga shi na zare, ya saki."

Ko ƙiftawa bai yi ba. Kuma suka yarda, har Mama, da dukkan zuciyarsu. Yaya ya mayar da kansa ƙasa.

Baffa ya ce, "To yanzu tafiyar fa?"

Mai Jaka ya ce ai gara a ƙarasa aikin a can, wata ɗaya ko biyu. Ƙartin suka matso.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. A gaban mutumin nan, gwiwata a cikin laimar kwata. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yafe min rashin kunyar da na yi maka. Yau na ga aiki da idona. Amma wanda ya warware abu a nan take, a gaban jama'a, me ya rage kuma? In aka gan shi a mota, mutanen layin nan cewa za su yi aikin bai ci ba. In kuwa suka gan shi yana yawo a ƙofar gida, kowa zai tambayi wa ya yi."

Gwaggo ta ce, "Wallahi kuwa. Ni da kaina zan ba da labari."

Mai Jaka ya shafa jakarsa, yana auna wanne ya fi masa. Maƙwabta sun riga sun cika bakin ƙofa. Ya ce to, za a iya barin sa, amma sai an ƙone kayan nan ƙurmus, kada a bar ko maɓalli. Sannan ya dube ni yana murmushi.

"Yanzu kin yarda ba wasan yara ba ne?"

Yaya ya ɗago yana kallona.

Na ce, "Na yarda."

"Kin taɓa ganin su kafin a tono?"

"Ban taɓa ba."

Ya ce tunda ni aka fi rufe wa ido, ni zan kunna. Na ɗauko kananzir na zuba, na ƙyasta ashana. Gashin ne ya fara kamawa, da wannan ƙaurin nasa. Kakin ya narke ya bi siminti, lambobin suka naɗe suka yi baƙi. Ban san kyandir yana riƙe ƙamshinsa haka ba. Ƙamshin ɗakinmu ne sak, lokacin da nake riƙe masa yana ɗiga min a yatsa. Na tsaya har ta cinye, don kar a ce na ji wani abu.

Motar ta tafi da buhunta. Ba wanda ya ƙara tambayar kwalin magani.

Lahadi, bayan la'asar

Na yi amai. Na wanke baki da gishiri, na sake wankewa.

Litinin, da safe

Na ba Mama ƙwayar a ɓoye, Yaya ya sha daga hannunta. Da na miƙa masa ruwa bai karɓa ba.

Ya ci rabin burodi. Gwaggo ta ce albarkar aikin jiya ce, ta yafa mayafi ta fita yaɗawa. Ta dawo cin abincina, har da neman ƙari.

Talata, bayan azahar

Na share tokar. Marafan ba su ƙone ba, sun dai yi baƙi, babu komai a cikinsu. Gwaggo ta tsaya a kaina har na zuba su a shara. Mai gyaran famfo ya dawo da ya ji an warware, ya haɗa bututun cikin rabin awa. Ashe tsumma ne ya toshe shi.

Mutane na shigowa suna min barka, wai Allah ya buɗe min ido. Ina cewa amin.

Yaya bai kalle ni ba har yanzu. Yana gida, ƙafarsa ba sarƙa, abin da na nema kenan. Ban san zai yi ɗaci haka ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na kai masa shayi na juya zan fita, sai ya ce, "Ke."

Na tsaya.

"Kin fi mutumin nan iya ƙarya."

Na ce, "Wurin wa na koya? Shekara nawa kana ce min satar gida?"

Wani sauti ya fito masa ta hanci, bai kai dariya ba. Ya daɗe yana juya kofin. Ya ce ya ji duk abin da na gaya masa ran nan, yana so ya amsa, bakin ne ya yi masa nauyi kamar ba nasa ba. Ya ce ya ji ƙarar buhun. Na ce ya yafe min wutar. Ya ce in bar maganar, ƙungiyar dama ta tsufa.

Sannan ya ce, "Turo ƙofar. Zauna."

Ya gaya min. Tun daga wurin aikin, da abin da ya biyo baya, da watannin da yake fita da safe da jaka alhali babu inda za shi, har ranar. Shayin ya huce a hannunsa. Ban katse shi ba, ban yi kuka ba sai da ya gama. Ba zan rubuta a nan ba, nasa ne.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Ya yi wanka da kansa. Za mu asibiti, ya ce shi zai yi wa likita bayani, ni in jira a benci.

Muna sa takalmi Mama ta fito daga kicin, tana waigen ɗakin da Gwaggo ke barci. Ta rage murya ta ce, "In ta tashi ta tambaya, ina zan ce kun je?"

Na buɗe baki zan ƙirƙiro mata wani abu, na saba yanzu. Yaya ya riga ni.

Ya ce, "Ki ce mata asibiti, Mama."